Filin Tambaya da Amsa: 'Yan matan sanawi sun shiga sili ɗaya ƙwale, ya za mu bi su?

Wasiƙu uku ne wannan karon kuma duk kan ƙwallon kwandon 'yan mata, daga Jiddah da Makka da Madina, shi yasa na haɗa su wuri ɗaya. Masu tambayar gyaran kayan lefe da maganar iƙama ku yi haƙuri sai fitowa ta gaba in Allah ya kaimu.

Tambaya ta farko, daga wata uwa a unguwar Gulel, Jiddah

Assalamu alaikum Anti, ya gida ya aiki. 'Yata tana aji biyu a sanawi, wato sakandare, kuma tana cikin 'yan kwandon madarasarsu, bana an haɗa musu gasa da wasu makarantun 'yan mata na nan kusa damu, sun gama wasannin rukuni sun fito, yanzu tace min wai sun shiga matakin da in aka ci ku shikenan kun tafi gida. Abla ɗinsu, wato malamarsu, ta turo a gurup cewa iyaye mata zasu iya zuwa kallo. Anti ni tunda nake ban taɓa zama na kalli kwando ba, naje guda ɗaya na zauna ina ta raba ido, a busa usur mutane suyi ihu bansan me akayi ba. Dan Allah me zan riƙa kallo, sannan anya zuwan nawa yana da wani amfani ko in zauna in jira ta dawo ta bani labari?

Amsa

Wa alaikumus salam 'yar uwa, Allah ya raya mana ita ya basu sa'a. Bari in fara da tambayarki ta ƙarshe don ita tafi tsaya min. Ki je, ko da baki gane komai ba ki je ki zauna inda zata ɗago kai ta ganki.

Kuma ki daina jin kunyar rashin sanin nan, ai ba ke kaɗai bace, rabin matan da ke zaune gefenki suma kallon allo kawai suke suna gyaɗa kai. Ina muka koya? Sai a watan Yulin 2017 Ma'aikatar Ilimi ta Saudiyya ta sanar da cewa za a fara darasin motsa jiki a makarantun gwamnati na 'yan mata, makarantun kuɗi kuma an basu izini a hukumance tun 2013. Duk wadda tayi karatu a nan kafin lokacin ta san abin da nake faɗa, fusha, wato ɗan hutun cin abinci, ta zo a zauna a ci tamis a sha asir a koma aji, shi ne wasanmu. Mata ma basu fara shiga filin ƙwallon ƙafa kallon wasa ba sai Janairun 2018, ranar da Ahli ta buga da Batin a filin wasa na Jauhara nan Jiddah. To kinga 'yarki tana cikin sahun farko farko da suka taso da abin tun suna ƙanana, ke kuma kina cikin sahun farko na iyayen da zasu zauna musu a kujera. Ku 'yan Jiddah ma kun fi kowa dalilin zuwa, domin a garinku Lina al-Maeena ta haɗa ƙungiyar kwandon mata ta Jeddah United tun 2003, lokacin da neman wurin da mata zasu yi atisaye kaɗai aiki ne, kuma matar nan har Majalisar Shura aka naɗa ta a 2016.

Yanzu ga wasan kansa. Mutum biyar biyar ne a fili. A dokar duniya ta FIBA wadda ita ake bi a nan, kwata huɗu ake yi kowacce minti 10, amma makarantu wani lokacin suna ragewa saboda lokacin dawam, wato awannin makaranta, don haka ki tambayi mudarribarsu, wato kocinsu, minti nawa suke bugawa. Minti goman nan kar ya ruɗe ki, agogo yana tsayawa duk sanda aka busa usur, sai ki ga wasan minti 40 ya ci sa'a ɗaya da rabi, kar ki ce wa direba ya dawo bayan rabin awa.

Maki kala uku ne. Ƙwallon da aka jefa daga cikin babban layin nan mai lanƙwasa maki 2, daga bayansa maki 3, jifan kyauta da ake bayarwa bayan an yi wa yarinya fawul maki 1 kowanne. Usur ɗin da yake ruɗa ki yawanci abu kaɗan ne: ko yarinya ta yi taku fiye da biyu da ƙwallo a hannu bata buga ta ƙasa ba, ko ta buga ta riƙe ta sake bugawa, ko ta tsaya fiye da sakan 3 a cikin akwatin nan da ke ƙarƙashin kwandon abokan hamayya, ko kuma an ture wata ko an doke mata hannu. In kinga alƙaliyar wasa ta ɗaga hannu a dunƙule, fawul ne, in tafin hannu a buɗe ne to ƙaramin laifi ne kawai za a miƙa ƙwallo ga ɗaya ɓangaren. Wannan kaɗai in kika riƙe kin fi da yawa a wurin. Akwai kuma sakan 24 da ake ba kowace ƙungiya ta harba ƙwallo, in ɗakin wasan yana da agogon.

To ga inda sili ɗaya ƙwale ya bambanta da wasan rukuni, kuma nan nake so ki sa ido sosai. Babu canjaras a kwando, in lokaci ya cika maki ɗaya ne sai a ƙara minti 5, in an sake yin daidai a sake ƙarawa har sai an samu wadda ta ci. Saboda kowa ya san babu gobe, yara suna shiga da zafi, da zafin nan kuma fawul yake taruwa. Yarinya in ta yi fawul 5 ta fita daga wasan kenan ba dawowa. Ƙungiya kuma in ta cika fawul 4 a kwata ɗaya, daga na biyar duk wanda suka ƙara jifan kyauta biyu za a ba abokan hamayya. Abin kamar bashin bagala ne, wato kantin unguwa, ana ɗauka kaɗan kaɗan ba a ji, sai ƙarshen wata a kawo littafi. Shi yasa in kinga mudarriba ta zaunar da wadda tafi kowa iyawa tun a kwata ta biyu kar kice ta tsane ta, ki duba allo, wataƙila ta riga ta kwashi uku ne ana tanadinta don ƙarshe. In 'yarki ce aka zaunar, haƙuri, ba magana.

Ni dai a nawa ganin wasan 'yan makaranta ba masu jifan maki uku ke cinsa ba, waɗannan suna burge 'yan kallo ne kawai, a shekarun nan sau nawa suke shiga. Masu cin wasa su ne ƙungiyar da ke cafe ƙwallo in ta daki ƙarfe ta dawo, da wadda bata zubar da ƙwallo a hannun abokan hamayya, da wadda take saka jifan kyautarta a minti biyun ƙarshe lokacin da hannu ke rawa. Saboda haka ki ɗauke ido daga ƙwallo lokaci lokaci ki kalli 'yarki sanda bata hannunta. Tana komawa baya da gudu in an ƙwace? Tana tsayawa tsakanin wadda take tsaro da kwando? Tana buɗe baki tana yi wa 'yan uwanta magana? Yarinya zata iya gama wasa da maki 2 kacal kuma ita ce ta riƙe ƙungiyar, in kika faɗa mata kin lura da haka wallahi sai kinga yadda fuskarta zata canza.

Sai ladabin zaman kallo. Kar ki zama mudarriba ta biyu daga kan kujera, kina "harba, harba" ita kuma an ce mata ta miƙa, kin raba mata hankali biyu. Kar a yi wa alƙaliya ihu. Kuma dan Allah a daina sakin baki da Hausa ana zaton ba mai ji, a Jiddah fa kike, da wuya a samu ƙungiyar da babu Hausawi ko Fallata ko Barnawi a cikinta, wadda kike cewa ji ƙafarta ƙila uwarta ce a bayanki.

Maganar jawwal, wato wayar hannu, kuma babba ce. Na san hannu zai yi ta ƙaiƙayi ki ɗauki bidiyo ki tura wa dangi a Kano ko Damagaram, to kar ki ɗauka sai makaranta ta ce an yarda, domin ba 'yarki kaɗai ke cikin filin ba kuma yaran sun cire abaya ne don sun san mata ne zalla. Dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 1 da tarar da zata iya kai riyal 500,000 kan keta sirrin mutane da kyamarar waya. In an tashi ki ja 'yarki gefe ita kaɗai ki ɗauke ta da rigarta.

In sun ci, a wuce cin kaza a Albaik. In an ci su, a mota kar ki fara lissafa mata inda ta yi kuskure, ta fi ki sani, ki barta ta yi kukanta, shi ma Albaik ɗin a biya.

Tambaya ta biyu, daga wani uba a Shara Mansur, Makka

Hajiya barka da aiki. Ni ƙwallon ƙafa na sani, ɗan Wahda ne tun ina yaro. Ƙaramar 'yata ce ta kamu da kwando, aji uku take a sanawi, sun kai semi fainal a tasu gasar. Matsala biyu ce, ta farko ni namiji ba zan shiga makarantarsu ba sai dai in ajiye ta a ƙofa in juya, ta biyu mahaifiyata ta ce tsalle tsalle ba na 'ya mace bane in hana ta. Bana son saɓa wa Hajiya kuma bana son karya wa yarinya zuciya.

Amsa

Alhaji Allah ya ƙara girma, kuma Allah ya saka da alheri da baka yanke hukunci a tsaye ba. Ai maganin matsalarka ta biyu yana cikin ta farko. Inda kai ba zaka shiga ba Hajiya zata shiga. Ka nemi maman yarinyar ta tambayi mudira, wato shugabar makarantar, ko kaka zata iya zuwa, ka ɗauke su ka kai su ƙofa da kanka, kar ka ce mata zuwa kallon ƙwallo ne, ce mata jikarta ce ta roƙi ta zo ta sa mata albarka. Gani ya kori ji, yawancin abin da tsofaffinmu ke tsoro shi ne tsiraici da cakuɗa da maza, in ta shiga ta ga mata ne zalla, ƙofa a rufe, yara da dogon wando, rabin maganar ta mutu. Ba zan yi maka alkawarin zata fito tana guɗa ba, amma daga "hana ta" zuwa "ta dai kula da karatunta" tafiya ce mai nisa kuma ana yinta a yini ɗaya. Kar ka yi jayayya da ita a gaban yarinyar ko kaɗan.

In ta kawo maganar to gaba fa, in ta girma za a ce ta cire ɗankwali, akwai amsa. Gaskiya ne da can dokar FIBA bata yarda da rufe kai ba, har 'yan wasan matan Ƙatar suka janye daga gasar ƙasashen Asiya ta 2014 a Koriya ta Kudu saboda an ce su cire hijabi. Amma an sauya dokar a watan Mayun 2017 ta fara aiki a Oktoban shekarar. Cikin waɗanda suka yi ta fafutuka har aka sauya akwai Bilqis Abdul-Qaadir, baƙar fata musulma 'yar Amurka, wadda da hijabinta ta tara maki sama da 3,000 a sakandare, abin da babu namiji ko macen da ta taɓa yi a jiharsu ta Masachusets kafin ita, ta kuma buga wa jami'ar Memfis. Ita dokar ta tare mata hanyar zama ƙwararriya a lokacin da take ganiyarta, amma 'yarka ta samu ƙofa a buɗe.

Kai kuma naka aikin a waje yake, kuma ba ƙarami bane. Takalmi na farko, ka saya mata na kwando na gaske mai riƙe idon sawu, ba kambas ɗin yawo ba, kuma ka riƙa tambayarta ko suna dumama jiki sosai kafin wasa, domin likitocin wasanni sun daɗe da tabbatar da cewa 'yan mata sun fi maza saurin tsinkewar jijiyar cikin gwiwa a wasannin tsalle da juyi. Na biyu, in ta shigo mota kar tambayarka ta tsaya kan kin ci nawa, tambaye ta wa kika tsare, fawul nawa kika ɗauka, me mudarriba ta ce a hutun rabin lokaci, zaka sha labari har gida. Na uku ku kalli wasa tare a talabijin ko YouTube ita ta zama malamarka. Nemo mata wasannin D'Tigress na Najeriya, waɗanda suka ɗauki kofin Afirka sau biyar a jere daga 2017 zuwa 2025, suka kuma zama ƙungiyar kwando ta farko daga Afirka, maza ko mata, da ta kai kwata fainal a Olamfik, a Faris 2024, bayan sun doke Ostareliya da Kanada, kocinsu a lokacin ma mace ce, Rena Wakama. In ana buga babban wasa a Jiddah kuma ku je tare tunda yanzu iyali na shiga, a nan aka yi gasar kofin Asiya ta maza a Agustan 2025 wadda Ostareliya ta ɗauka da tazarar maki ɗaya tak a kan Sin.

Abu ɗaya da zan goyi bayan Hajiya a kai shi ne karatu. Aji uku ba wasa, ga jarabawar Ƙudurat ga ta Tahsili suna jiranta kuma su jami'a zata duba. Ku yi yarjejeniya tun yanzu, ranar wasa ta wasa ce, sauran ranaku littafi.

Tambaya ta uku, daga wata budurwa a Madina

Anti ina wuni. 'Yar yayata tana sakandare a Shikago kuma tana buga musu kwando, kullum sai ta turo min wai sun shiga rijinal, wai sun wuce sakshinal, ni bana gane komai sai dai in tura mata hoton zuciya. Ya abin yake a can, kuma zan iya kallo daga nan?

Amsa

Lafiya lau 'yata. A Amurka babu kofin ƙasa guda ɗaya na makarantun sakandare, kowace jiha da tata hukumar da nata kofin. Shikago a jihar Ilinoi take, can an raba makarantu gida huɗu bisa yawan ɗalibai, 1A ƙanana har zuwa 4A manya, don kar makarantar ƙauye ta haɗu da mai ɗalibai dubbai. Ana fara kakar wasa wajen Nuwamba, a watan Fabrairu a shiga sili ɗaya ƙwale, kuma mataki mataki ne: rijinal tukuna, wato makarantun yanki ɗaya, wadda ta fito ta shiga sakshinal, daga nan wasa ɗaya da suke kira sufa sakshinal, sai ƙungiyoyi huɗu su rage a kowane gida su tafi wani gari mai suna Nomal a yi semi fainal da fainal. Saboda haka in ta ce miki sun wuce sakshinal to ƙungiyoyi takwas kawai suka rage a gidansu a duk jihar, wannan ya wuce hoton zuciya, kira ya kamata ki yi.

Dokokinsu sun ɗan saɓa da namu, kwata minti 8 ce, ƙarin lokaci minti 4, layin maki uku ya fi kusa da kwando, kuma ba kowace jiha ke da agogon harbi ba, masu shi yawanci sakan 35 suke sawa. Inda babu shi zaki ga ƙungiyar da ke gaba tana ta miƙa ƙwallo tsakaninta tana cinye lokaci, ɗayar kuma ta koma yin fawul da gangan don agogo ya tsaya. Ba rashin tarbiyya bane, dabara ce.

Kar kuma cikar ɗakin wasansu ta sa ki raina namu. Sun daɗe ne. Jihar Ayowa ta fara gasar 'yan mata tun 1920, da wani salo na mutum shida shida da basu bari ba sai 1993, ƙauyuka kan kwashe su tafi babban birnin jihar kallon 'ya'yansu, kaka ta buga uwa ta buga jika tana bugawa. Sauran jihohi da yawa sai bayan dokar 1972 da ta hana nuna bambanci tsakanin maza da mata a makarantun da ke karɓar kuɗin gwamnatin tarayya suka farka, Ilinoi kanta a 1977 ta fara bada kofin jiha na 'yan mata.

Kallo kuwa, yawancin wasannin makarantu a NFHS Network ake nunawa kuma na kuɗi ne, wasu makarantun suna sawa kyauta a shafinsu na YouTube ko Facebook, ki ce yayarki ta turo miki adireshin da suke amfani da shi kafin ki biya komai, sakamako da jadawali kuma suna MaxPreps. Matsalar dai lokaci ce, a watan Fabrairu mun riga Shikago da awa 9, wasan ƙarfe 7 na yamma a can ƙarfe 4 na dare ne a Madina, kuma washegari ne a wurinmu, in ta ce ranar Alhamis ke daren Alhamis wayewar Juma'a zaki sa alam, wanda ya fi sauƙi tunda ba dawam. Yana ƙarewa ana dab da kiran asuba. Amurka na sauya agogo a Lahadi ta biyu ta watan Maris tazarar ta koma awa 8, amma yawanci gasar 'yan matan Ilinoi ta ƙare kafin nan, don haka ki riƙe tara ɗin.